TAKARDAR NEMAN BIYA SHAIDA CE: NASIHA KAN AMANAR KUƊIN LIKITA

Dukan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta, Ya ɗora wa ɗan Adam amana, Ya sanya masa ranar da za a tambaye shi a kanta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da wani bawan Allah, ma'aikacin lafiya, ya kawo bayan an idar da sallar isha'i. Ba za mu faɗi sunansa ko wurin aikinsa ba, domin mas'alar ta wuce mutum ɗaya. Ya ce: "Malam, hukuma ta ce a duba yara kyauta, ita za ta biya. Mun duba, mun ba da magani, mun aika da takarda, wata da watanni shiru. Ɗakin magani ya ƙare, ga damina ta kawo zazzaɓi. Idan na ƙara sunayen yara ashirin ko talatin a cikin takardar neman biya, domin abin da zai zo ya ishe mu sayen magani, alhali ko dala ba za ta shiga aljihuna ba, shin na yi laifi wurin Allah?"

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, kuma wanda ya yi ta ba ɓarawo ba ne, domin ɓarawo ba ya neman fatawa. Saboda haka ya wajaba mu ba ta haƙƙinta, mu fara da sanin yadda al'amarin ya faro.

YADDA KUƊIN LIKITA KE TAFIYA

A shekara ta 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka taru a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF, suka amince da tsarin da zai sa majinyaci ya riƙa biyan wani abu, a tara kuɗin a sake sayen magani da su. Nijar ta mayar da wannan tsari doka a shekara ta 1995. Daga nan ne kowace cibiyar lafiya, wadda ake kira CSI, ta samu akwatin kuɗinta, da mai karɓar kuɗi, da kwamitin mutanen gari mai sa ido, wato COGES. Daga baya, a zamanin shugaba Tandja Mamadou, aka ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa a shekara ta 2005, sannan a 2006 aka ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuɗin awon ciki. A shekara ta 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, daga ranar 1 ga Satumba.

To, sai mu lura da kyau: abin da ake kira kyauta, kyauta ne ga uwar yaro kawai. Maganin da aka ba ɗanta sayo shi aka yi. Tsarin da aka shimfiɗa a 2006 shi ne, cibiya ta yi aiki tukuna, ƙarshen wata manjo ya ƙidaya yaran da aka duba, ya rubuta takardar neman biya, ta bi ta hannun hukumar lafiya ta gunduma, ta je ta jiha, ta isa ma'aikatar lafiya a Yamai, sannan baitulmali ya biya. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi diddigin wannan tsari shekara da shekaru, kuma sun nuna cewa biyan ya riƙa yin jinkiri na watanni, wani lokaci har fiye da shekara, bashi ya taru a kan gwamnati, ɗakunan magani suka riƙa zama wayam. Ashe ke nan mai tambayarmu bai ƙirƙiri kukansa ba.

Wannan nauyi ya fi tsanani a irin ƙasarmu. Daga Filinge zuwa Yamai tafiyar kilomita wajen 180 ce, Abala kuwa tana gaba, can arewa kusa da iyakar Mali. Tun da Abala ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekara ta 2011, ba a jima ba, a 2012, sai ga ƴan gudun hijira daga Mali sun sauka, bakunan da ke neman magani suka ƙaru. A 2017 aka sanya dokar ta-ɓaci a wannan yanki saboda rashin tsaro. Inda hanya ta yi wuya, mai kawo magani yakan makara, mai zuwa bincike ma yakan makara. Sai ya zama ma'aikaci ya wayi gari daga shi sai alƙalaminsa da littafinsa, babu mai ganinsa sai Allah. A nan ne ake gane nauyin wannan mas'ala.

HUJJAR MAI TAMBAYA

Adalci ne mu jera hujjojinsa kamar yadda shi kansa zai jera su. Zai ce niyyarsa ceton rai ce, kuma ayyuka suna tafiya ne da niyya. Zai ce larura takan halatta abin da aka hana. Zai ƙara da cewa gwamnati ce ta fara saɓa alkawari, kuma malamai sun yi magana a kan mutumin da ake riƙe wa haƙƙi, idan ya samu dama a kan dukiyar mai riƙe masa, ko yana iya ɗaukar gwargwadon abinsa. Hausawa ma sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce, kuma za mu dawo kanta. Amma sauran hujjojin, idan aka ɗora su a kan ma'auni, ba su ɗaukar nauyin da aka aza musu.

Mu fara da tambayar: mece ce takardar neman biya? Mutum ne ya sa hannu ya buga hatimi, yana cewa: na shaida yara kaza sun zo gabana a wannan wata, na duba su, na ba su magani kaza. Wanda zai biya yana Yamai, bai ga yaro ko ɗaya ba, maganar wannan ma'aikaci kaɗai ya dogara da ita. Wannan shi ne ainihin ma'anar shaida. Idan an rubuta sunan yaron da bai zo ba, an yi shaidar zur, kuma kowa a cikinmu ya san matsayin shaidar zur a cikin manyan zunubai. Kyakkyawar niyya tana ƙara wa aikin halal lada, amma ba ta mayar da ƙarya gaskiya, kamar yadda ba a wanke najasa da fitsari.

Game da larura, malamai sun gindaya mata sharuɗɗa. Daga ciki akwai cewa babu wata hanyar halal da ta rage, kuma kada a kawar da cuta daga wani a ɗora wa wani irinta. To, kuɗin da ake biyan waɗannan takardu daga tukunya ɗaya suke fitowa, kuma tukunyar ba ta isa ba tun farko. A ƙaddara cibiyoyi goma ne ke jiran rabo, ɗaya ta ƙara sunaye talatin na ƙarya. Abin da ta karɓa a kan waɗannan sunaye, daga rabon sauran tara aka yanko shi. Yaron da aka yi nufin ceto a wannan gari, an cece shi ne da maganin wani yaro na Sanam ko na Bonkuku ko na Tondikandiya, wanda manjon garinsu ya ji tsoron Allah ya rubuta gaskiya. Ta haka mai gaskiya ya zama shi ne ake hukuntawa.

Game da ɗaukar haƙƙi daga dukiyar wanda ya riƙe shi, malamanmu na Malikiyya da suka yi sauƙi a kai sun sharɗanta cewa abin ya zama haƙƙin mutum ne tabbatacce, kada ya wuce gwargwadonsa, kuma ya amince ba za a samu fitina ko zubar da mutunci ba. A nan kuwa dukiyar ta al'umma ce, akwai rabon maraya da gajiyayye a cikinta, hanyar ɗaukar kuma ƙarya ce a rubuce, wadda in ta tonu za ta jawo kora da ɗauri da kunya.

ƁARNAR DA BA A GANI DA IDO

Akwai wata ɓarna da mai tambaya bai hango ba. Littafin da ake rubuta sunayen majinyata ba don kuɗi kaɗai ake ajiye shi ba. Daga cikinsa ake ciro lissafin da hukuma ke dubawa ta san yawan maganin zazzaɓin cizon sauro da za ta aika kowace gunduma, ta kuma gane in ƙyanda ko sanƙarau sun fara ɓulla a wani wuri. Wanda ya cusa sunayen ƙarya ya zuba ƙasa a idon masu tsaron garin. Za a kai magani inda ba a buƙatarsa, a bar inda ake mutuwa.

Sannan ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da mai bincike ya kama takarda ɗaya ta ƙarya, sai zargi ya hau kan dukan takardun gundumar, a tsayar da biya har sai an sake tantancewa. Jinkirin da aka yi ƙarya don a guje masa, sai ga shi ƙaryar ta ninka shi. Mun ga misalin haka a ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyar GAVI, mai taimaka wa ƙasashe da allurar rigakafi, ta binciki kuɗin da ta ba Nijar tsakanin 2007 da 2010, ta samu kashe-kashen da ba su da ingantacciyar shaida, ta dakatar da wani sashe na tallafinta na kuɗi, kuma a shekara ta 2013 aka tuhumi ma'aikatan lafiya wajen ashirin a gaban shari'a. Tuhuma ba hukunci ba ce, kuma ba mu zo yanke wa kowa hukunci ba. Abin lura shi ne, sa'ad da aka rufe famfo, wanda ƙishirwa ta fara kamawa shi ne jaririn ƙauye da bai san ana yi ba.

Abu na ƙarshe, zuciya takan saba. Hannun da ya koyi ƙara suna don sayen magani, ya riga ya koyi ƙara suna. Bana don yara, baɗi don gyaran babur na aiki, wata shekara don bikin suna. Shaiɗan ba ya fara kiran mumini zuwa ga sata, ta ƙofar tausayi yake shigo masa.

BINCIKE BA CIN MUTUNCI BA NE

Da yawa daga cikinmu, in aka ce za a duba littafinsu, sai ransu ya ɓaci, su ce an mayar da su ɓarayi. Wannan fahimta ba ta da asali a addininmu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma da muminai take magana. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo ya yi masa lissafi. Mutumin ya ware wani kaso ya ce kyauta ce aka yi masa, sai Annabi ya hau mumbari ya yi tsawa a kan haka, ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da babu mai kawo masa wannan kyauta. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi kuwa yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar naɗa shi, domin a gwada da abin da ya tara daga baya. Waɗannan sahabbai ne ake yi wa lissafi, balle ni da kai.

Aikin likita ma bai kuɓuta daga wannan ba. A shekara ta 931 Miladiyya, bayan wani majinyaci ya rasu ta dalilin kuskuren mai magani a Bagadaza, Halifa Muƙtadir ya umarci babban likita Sinanu ɗan Sabit da ya jarraba masu aikin magani, aka jarraba fiye da 860, aka hana wanda bai cancanta ba taɓa majinyaci. Littattafan hisba na malaman da suka gabata sun ambaci cewa likita ya rubuta abin da ya ba majinyaci, ya bar wa iyalinsa kwafi, domin in wani abu ya faru a samu abin dubawa. Sauran al'ummu ma da haka suke tsare dukiyarsu. A Amurka akwai wata doka tun ta shekara ta 1863, wadda aka yi don ƴan kwangilar da ke cutar rundunar soja da kayan banza, kuma a zamanin nan mafi yawan kuɗin da ake ƙwatowa da ita daga takardun ƙarya na asibitoci da kamfanonin magani suke fitowa. A nan gida an kafa hukumar HALCIA a 2011, sannan aka kafa COLDEFF a 2023, duk don bin sawun dukiyar jama'a.

Yadda ake binciken kuwa ba wani asiri ba ne, kuma ya kamata kowane ɗan kwamiti ya san shi. Ana ɗora littafin majinyata kusa da takardar da ke nuna shiga da fitar magani, a kawo littafin kuɗi da rasit, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. In littafi ya ce an yi wa yara ɗari maganin zazzaɓi, amma abin da ya fita daga ɗakin magani na sittin ne, to akwai magana. Bayan haka sai a tsinci wasu sunaye, a bi su har gida, a tambayi uwa: kin kai yaronki ranar kaza? Me aka ba shi? An karɓi wani abu a hannunki? Ƙasar Burundi, wadda ita ma ta ɗauke kuɗin jinyar ƙananan yara a 2006, ta haɗa biyan da irin wannan tantancewa tun daga 2010, inda ƙungiyoyin mutanen gari ke bin sunaye gida-gida. Ma'aikaci mai gaskiya ba shi da abokin da ya fi mai bincike, domin shi ne zai wanke shi daga zargin ƴan gari, ya kuma raba shi da wanda ke ɓata wa aikin suna. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

KOWA DA NASA KASO

Yanzu mu koma ga warin daddawa. Shari'a ta kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Hukumar da ta yi shela a rediyo cewa magani kyauta ne, ta karɓi godiyar talakawa, sannan ta bar ma'aikaci da akwati wayam yana fuskantar uwa mai goye da yaro yana suma, ita ma za ta amsa tambaya. Haka jami'in da takarda ta kwana wata uku a teburinsa, ko wanda ba ya sa hannu sai an ba shi na goro. Wanda ya matsa wa mutum har ya kai shi bakin haram yana da kaso a cikin zunubin, ko da yake wannan bai sauke wa mai aikatawa nasa ba.

Mu ma da ke zaune a sahun masallaci kada mu ɗauka wa'azin na ma'aikata ne kaɗai. Uban da ya rage shekarun ɗansa, yaro ya kai bakwai ya ce huɗu ne don kada ya biya, shi ma ya yi shaidar zur. Wanda ya karɓi abincin da ake ba yara masu tamowa ya kai kasuwa, ko ya ɗauki gidan sauron da aka ba mai ciki ya kewaye lambu da shi, ya ci amana. Ɗan kwamitin da aka zaɓa don ya ƙidaya kuɗi da magani, amma ya sa hannu a kan abin da bai gani ba saboda kunyar manjo ko don surukinsa ne mai karɓar kuɗi, ya sayar da amanar gari da arha. Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar, kuma wannan hali ba a kasuwar hatsi kaɗai yake ba.

AMSA GA MAI TAMBAYA

Ya ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri a kan tausayinka, amma kada ka ƙara ko suna ɗaya. Rubuta abin da idonka ya gani. Sannan ka rubuta wata gaskiyar da aka saba ɓoyewa: ranar da magani ya ƙare, da yawan yaran da aka mayar gida hannu wofi, da watannin da takardunka suka yi ba a biya ba. Ka kai wannan ga shugaban lafiya na gunduma a rubuce, ka ajiye kwafi. Ka tara kwamiti, ka buɗe musu littafi, ka sanar da magajin gari da hakimi da limamai. Ƙarya tana rufe ramin da ya kamata shugabanni su gani, gaskiya kuwa tana tilasta musu kallonsa.

Mu kuma jama'a, wajibi ne kada mu bar shi shi kaɗai. Kurfai ƙasa ce ta masu dabbobi da ƴan kasuwa da ƴaƴa masu neman kuɗi a Yamai da ƙasashen waje. Ba zai gagare mu ba mu kafa asusun sadaka a masallatanmu don sayen maganin yara a watannin damina, da sharaɗin a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta shi a gaban jama'a bayan sallar Juma'a. Mu zaɓi ƴan kwamiti masu iya karatu da lissafi, masu iya cewa a'a. Duk wanda ya biya kuɗi a likita ya nemi rasit ba tare da jin nauyi ba, ma'aikaci kuma ya bayar ba tare da ɓacin rai ba. Idan masu bincike suka zo gidanka suna tambaya, faɗi abin da ya faru, kada ka ƙara don ƙiyayya, kada ka rage don sanayya.

Mai binciken duniya yana iya makara, hanya tana iya hana shi zuwa shekara guda. Amma kowane ɗayanmu yana tare da marubuta biyu da ba su makara, kuma akwai ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa ya karanta da kansa. Wanda ya daidaita littafinsa na nan da wancan, ya huta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙarfafi ma'aikatanmu a kan gaskiya, Ya shiryi shugabanninmu su sauke nauyin da ke wuyansu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Allah ne Mafi sani.